ƊACIN DANKALIN TURAWA DA DANGINSA: YADDA TSIRO YAKE ƘERA MAKAMINSA

Gabatarwa

Duk manomin da ya daɗe yana noman dankalin Turawa ya san wannan abu. Idan ruwan sama ya zaizaye kunya ya bar ɗan dankali a waje rana tana dukansa, bayan 'yan kwanaki gefen da ya fito sai ya koma kore. Idan aka dafa irin wannan dankali sai a ji ɗaci, wani lokaci har da zafi a maƙogwaro. Yawancinmu mukan ce dankalin ya lalace, mu wuce. To amma ruwa ba ya tsami banza. Ɗacin nan ba ruɓewa ba ce, ba kuma wata cuta ce ta kama dankalin ba. Dafi ne wanda tsiron ya ƙera da kansa domin ya kare kansa daga masu son cinsa.

Dabba idan ta hangi abokin gaba sai ta ruga da gudu. Tsiro kuwa inda aka shuka shi nan zai tsaya, ƙwaro ya zo, fumfuna ta zo, ɓera ya zo. Saboda haka wasu tsirrai suka yi ƙaya, wasu suka yi kaurin ɓawo, wasu kuma suka koma ga dafi. Wannan darasi zai yi bayanin yadda dankalin Turawa da danginsa suke haɗa nasu dafin, da abin da yake sa su ƙara yawansa. Manomi ko malamin gona da ya fahimci wannan zai ga dalilin shawarwarin da ake ba shi game da huɗa da tono da ajiya, ba zai riƙa bin su don an ce ya bi kawai ba.

'Yan gida ɗaya

Dankalin Turawa da tumatir da gauta da yalo da barkono da tattasai da taba da zaƙami duk dangi ɗaya ne. Wanda yake shakka sai ya ɗora furen dankali kusa da na tumatir da na gauta, zai ga kowanne kamar tauraro mai kunnuwa biyar da tsini rawaya a tsakiya. Dankalin Hausa ba ya cikinsu, suna ne kawai ya haɗa su, shi ɗan'uwan duman rafi ne, kuma abin da za mu faɗa a nan bai shafe shi ba.

Kusan kowane reshe na wannan dangi yana da nasa makami. Taba tana da nikotin, barkono yana da yaji, zaƙami kuwa kowa ya san dalilin da ya sa ake ce masa haukata-yaro. Reshen da ya dame mu shi ne wanda masana ke kira Solanum, watau dankali da tumatir da gauta, tare da 'yan'uwansu na daji irin su gautan kaji da gautan kura. Makaminsu wani rukunin sinadarai ne masu ɗaci da ake kira gilaiko-alkaloid, amma a wannan darasi za mu riƙa ce masa dafin ɗaci.

A shekarar 1820 wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Faransa, Desfosses, ya fara tace wannan dafi daga 'ya'yan gautan kaji, ya sa masa suna solanin. Sai a 1954 wasu masana biyu a Jamus, Kuhn da Löw, suka gano cewa abin da ke cikin dankalin Turawa ba sinadari ɗaya ba ne, tagwaye ne: solanin da cakonin. Su biyun ne kusan kashi 95 cikin 100 na dafin dankali. Na tumatir ana kiransa tomatin, na gauta da yalo kuma solasonin da solamajin.

Yadda dafin yake aiki

Ƙirar wannan dafi ta yi kama da ta sabulu. Gangar jikinsa mai son maiƙo ce, wutsiyarsa kuma ta sukari ce mai son ruwa. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo. Idan dafin ya iske wannan tantani a jikin fumfuna ko a hanjin ƙwaro, sai ya manne wa maiƙon ya yage shi, abin da ke cikin ƙwayar ya tsiyaye ta mutu. Haka yake yi wa hanjin ɗan Adam, shi ya sa amai da gudawa suke fara bayyana.

Yana da hanya ta biyu. Akwai wani sinadari a jiki wanda aikinsa shi ne share saƙon da jijiya ta aika bayan ya isa, domin wani saƙon ya samu wurin wucewa. Dafin ɗaci yana hana shi aiki. Nan ne daidai inda maganin ƙwari irin su fiya-fiya yake bugu, sai dai na dankali bai kai shi ƙarfi ba. Wani abin lura kuma, solanin da cakonin idan suka haɗu ɓarnarsu ta fi ta kowanne shi kaɗai in an tara. Wannan ne amfanin ƙera tagwaye.

Kada a ɗauka cewa makamin yana cin kowa. Wasu nau'o'in fumfuna da ke kama tumatir sun samu dabarar gutsure wutsiyar sukarin, su bar dafin ba ƙarfi. Cutar ƙunar ganye da ke addabar manoman dankali a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ba ta cika damuwa da shi ba, domin tantaninta ba shi da isasshen irin maiƙon da dafin ke kamawa. Tsutsar tumatir da ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016 ita ma a ganyen tumatir take ƙiba, tomatin bai hana ta ba. Dafin yana rage yawan masu kawo hari ne, musamman waɗanda ba su saba da wannan dangi ba.

A cikin maƙerar tsiro

Yanzu sai mu shiga maƙerar. Maƙeri yana bukatar abu uku: ƙarfe, da ma'aikata, da sanin abin da za a ƙera. A cikin tsiro, ma'aikatan su ne wasu sinadarai da ake kira enzayim, kowanne da aiki ɗaya tak da ya iya. Umurnin yin kowane enzayim yana rubuce a cikin ƙwayoyin gado, waɗanda tsiro ya gada daga iyayensa.

Ƙarfen da ake farawa da shi zai ba mutane da yawa mamaki, domin kolestarol ne, wannan maiƙo da likitoci ke gargaɗi a kan yawansa a jini. Yawancin tsirrai kaɗan ƙwarai suke yinsa. Dangin dankali kuwa suna yin sa da yawa, ba don su tara ba, sai don su sarrafa shi. Daga sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana tsiro yake yanko ƙananan gutsattsari, ya jera su zuwa doguwar sarƙa, ya naɗe sarƙar ta zama zobba huɗu a manne da juna da wutsiya a gefe. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya tana zuwa ga maiƙon da tsiro ke gina jikinsa da shi, ɗaya kuma tana zuwa ga kolestarol. Masu bincike a ƙasar Jafan sun gano enzayim ɗin da ke tsaye a wannan mararraba a 2014, ana kiransa SSR2, kuma da suka hana shi aiki a dankali sai dafin ya ragu ƙwarai. Kada uwargida ta tsorata: dankali ba ya ƙara wa mai cinsa kolestarol, abin da ya saura a cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Daga kolestarol zuwa dafi akwai matakai fiye da goma. Kolestarol yana da ƙwayoyin kabon 27, masana sun ba kowace lamba kamar yadda ake ba gidaje a unguwa. Da farko ma'aikata uku suna liƙa iskar oksijin a gida na 22 da na 26 da na 16. Waɗannan wurare uku su ne maɗaurai, domin da su ne wutsiyar za ta lanƙwaso ta kama jikinta, zobba huɗu su zama shida.

Kafin a rufe zobban akwai wata mararraba, kuma a ganina ita ce mafi ban sha'awa a duk wannan aiki. Idan aka rufe haka nan, abin da zai fito shi ne safonin, sinadari mai kumfa. Manomi ya san irinsa, shi ne ya sa ake wanki da saiwar aduwa da ɓawonta. Idan kuwa wasu ma'aikata biyu suka sa hannu, ɗaya ya gyara gida na 26, ɗaya ya ɗauko ƙwayar naitirojin guda ɗaya ya dasa a wurin, to abin ya tashi daga safonin ya zama alkaloid, watau dafin da ke taɓa jijiya. Ƙwayar naitirojin ɗaya ce ta raba su. Gautan kaji yana amfani da wannan mararraba yadda ya ga dama: a ganyensa safonin yake yi, a ɗanyun 'ya'yansa kuma alkaloid. Wannan ya yi daidai da abin da mutane suka daɗe da sani, domin a wurare da yawa na Afirka ana miya da ganyen tsirran wannan rukuni, amma ana hana yara cin koren 'ya'yansu.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗaura wutsiyar sukari, ɗaya bayan ɗaya. Solanin da cakonin gangar jikinsu ɗaya ce, kowanne kuma da sukari uku, bambancin irin sukarin ne kawai. Tomatin yana da huɗu. Sukarin nan kamar kube yake ga wuƙa. A 2011 an hana tumatir ɗaura sukarin farko a ɗakin gwaji, sai gangar dafin ta taru tsirara, tsiron ya tsumbure, ganyensa ya ƙone. Ashe shi ma tsiron bai fi ƙarfin makaminsa ba, sai ya sa masa kube ya kuma kulle shi a wata jakar ruwa da ke cikin ƙwayar halitta. Ranar da ƙwaro ya tauna ganyen, jakar ta fashe, ranar dafin yake fitowa.

An daɗe ana neman ƙwayoyin gadon da ke riƙe da wannan umurni. A 2013 wata ƙungiyar masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, ƙarƙashin jagorancin Asaph Aharoni, ta nuna cewa da yawansu a jere suke kusa da juna. Tumatir yana da sarƙoƙin gado iri 12, dankali ma haka, kuma a kan ta 7 da ta 12 aka same su, kamar maƙeran da suka kafa rumfuna a layi ɗaya cikin kasuwa. Ana kiransu GAME, kowace da lambarta.

Duk da haka wani abu ya ƙi. Hanyar da masana ke tabbatar da cewa sun gane aiki ita ce su kwashi ƙwayoyin gadon su zuba a wani tsiro da ba ya yin wannan dafi, su ga ko zai yi. An yi ta zubawa a ganyen wani ɗan'uwan taba, ma'aikata sun hallara, ƙarfe yana nan, amma ba a ƙera kome ba. Sai a watan Disamba na 2024 ƙungiyoyi biyu suka bayyana abin da ya ɓace, ɗaya a Cibiyar Weizmann, ɗaya a Cibiyar Max Planck da ke birnin Jena a Jamus. Sunansa GAME15. Dalilin da ya sa aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne ya yi kama da masu gina bangon ƙwayar halitta, sai aka ɗauka magini ne, ba maƙeri ba. Aikinsa biyu. Yana liƙa wa kolestarol wani ɗan mariƙi mai kama da sukari tun kafin a fara, sa'an nan yana tattara ma'aikatan farko wuri ɗaya su riƙa miƙa wa juna aiki hannu da hannu. A taƙaice shi ne awartaki, shi ne kuma uwar maƙera. Da aka ƙara shi sai aikin ya tafi.

Masanan Jena sun cire GAME15 daga gautan kaji, sai tsiron ya daina yin safonin da alkaloid baki ɗaya. Da aka ajiye wa ƙwari ganye iri biyu, na tsiron da aka kwance wa ɗamara da na lafiyayye, ƙananan ƙwarin nan masu tsalle suna tsotsar ganye da kuma buzuzun dankali na ƙasar Amurka duk sai suka raja'a a kan na farkon. Wannan darasi ne ga masu fatan a samar da dankali marar dafi ko kaɗan. Irin wannan dankali zai bukaci feshi fiye da wanda muke da shi. Abin da ya dace a nema, a ra'ayina, shi ne iri mai ɗaci a ganye, marar ɗaci a ƙasa.

Wa ke hura wutar?

Maƙerar ba ta aiki da ƙarfi ɗaya kullum, tana da mai zuga. Wata ƙwayar gado ce da aka bayyana a 2016, ana kiranta GAME9, wadda idan ta motsa sai sauran su tashi tare. Abin da ke motsa ta shi ne wani sinadarin kururuwa da tsiro ke fitarwa idan an ji masa rauni. Tsiro ba ya bambance haƙorin ɓera da bakin fartanya. Duk dankalin da aka sara a wajen tono, ko aka jefa buhunsa daga kan mota, zai ƙara dafi a kewayen raunin.

Haske ma yana hura wutar, kuma a nan ne dankali ya nuna dabararsa. Muddin yana binne cikin duhu ba ya ɓarnar ƙarfinsa. Da ya ji haske ya san ya fito fili inda kowa zai gan shi, sai ya ɗaura ɗamara. A cikin ɗan dankalin kansa ake ƙera dafin, ba daga ganye yake gangarowa ba, saboda haka ko bayan tono aikin yana ci gaba. Koren da ake gani ba shi ne dafin ba, launin ganye ne marar illa. Haske ne yake tayar da su biyun a lokaci guda, don haka koren shaida ce kawai. Dankali mai jan ɓawo yana iya ɓoye koren, wanda aka ƙuje kuma yana iya ƙara dafi bai yi kore ba.

Abu na uku shi ne tsiro. Sabon toho shi ne gobe ta dankali, a nan yake zuba tsaro mafi yawa. Kilo ɗaya na tsokar lafiyayyen dankali ba ya wuce miligiram 'yan gomiya na dafin, ɓawo yana da 'yan ɗaruruwa, toho da fure kuwa dubbai ne. Ƙananan dankali da waɗanda ba su ƙosa ba sun fi manya yawan dafi, domin ɓawonsu ya fi yawa idan aka kwatanta da tsokarsu.

Tumatir ya bi wata hanya dabam. Ɗanyensa yana iya ɗaukar tomatin har miligiram 500 a kilo, nunanne kuwa kimanin 5. Yayin da yake nuna, wasu ma'aikata suna sake sarrafa tomatin zuwa wani sinadari marar ɗaci, domin a lokacin iri ya ƙosa, tsiron yana son a ci a kai masa 'ya'ya nesa. Dankali ba shi da wannan hanya. Abin da ya ƙera ya zauna, ko da an mayar da shi cikin duhu. Ƙaramin gautan da muke ci ɗanye, awon da aka yi masa ya nuna ɗacinsa bai kai matakin cutarwa ba. Gautan kura kuwa ba abinci ba ne.

Nawa ne ya yi yawa?

Iyakar da aka daɗe ana aiki da ita a ƙasashe da yawa ita ce miligiram 200 a kowane kilo na ɗanyen dankali. A 2018 hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ta ba da shawarar a rage zuwa 100. A 2020 kuma hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa alamun cutarwa suna iya farawa daga miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jikin mutum. Mu yi lissafi. Yaro mai nauyin kilo 20, miligiram 20 sun ishe shi. Idan dankalin ya kai iyakar 200, giram 100 kacal ke nan, watau matsakaicin dankali guda ɗaya da ɓawonsa. Babba mai kilo 60 sai ya ci uku. Yara ne ke kan gaba a wannan haɗari.

Abin ya taɓa faruwa. A 1978, a wata makaranta da ke kudancin birnin Landan, yara maza 78 suka kwanta bayan cin dankalin da ya kwana a sito tun zangon karatu da ya wuce, aka kwantar da 17 a asibiti. A Amurka an fitar da wani iri mai suna Lenape a 1967, mai kyawun suya, aka janye shi a 1970 saboda yawan dafinsa, wanda ya gado daga wani dankalin daji da aka yi barbara da shi. A 1986 ƙasar Suwidin ta dakatar da sayar da irin Magnum Bonum saboda wannan dalili. Shi ya sa masu samar da sabon iri suke auna dafinsa kafin a sake shi ga manoma.

Alamun sukan zo cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci sai bayan rabin yini: zafin maƙogwaro, tashin zuciya, amai, murɗar ciki da gudawa. Idan ya yi tsanani akan samu zazzaɓi, gyangyaɗi da ruɗewa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ruwan sha ko wani abincin. Idan mutanen gida suka kamu bayan cin dankali mai ɗaci, a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci.

Akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mun saba da rogo mai ɗaci, wanda jiƙo da shanya da tuya suke korar dafinsa, domin shi dafin rogo yana bin ruwa yana kuma bin iska. Na dankali ba haka yake ba. Tafasa ba ta rusa shi, kaɗan ne yake fita cikin ruwan dahuwa. Suya cikin mai mai zafin da ya haura digiri 170 tana rage wani kaso ne kawai. Abin da ya fi tasiri shi ne wuƙa, domin yawancin dafin yana cikin milimita ɗaya da rabi na sama. Feraya tana cire tsakanin kashi 25 zuwa 75 cikin 100. Mutanen tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, inda dankali ya samo asali, suna da nau'o'i masu ɗaci da suke sarrafawa ta hanyar barinsu su daskare cikin sanyin dare, su tattake, su jiƙa cikin ruwa mai gudu na makonni, su shanya. Wannan aiki ne dabam da dahuwar tukunya, kuma ba mu da irin sanyinsu ko a kan tsaunin Mambila.

A gona da rumbu da kasuwa

Daga abin da ya gabata manomi zai iya fitar da shawarwarin da kansa. A yi kunya mai tudu, a kuma sake tara ƙasa a gindin shuka lokacin da ta fara sa 'ya'ya, musamman a gonar da ke kan gangare inda ruwa ke zaizaya. Masu noman rani a Kano da Zariya su lura da tsagewar ƙasa idan ta bushe, domin haske yana shiga ta nan, haka ma asun da ke haifar da tsutsar dankali. A bar dankali ya ƙosa, a yanke ganyen kimanin mako biyu kafin tono domin ɓawo ya yi ƙwari. A yi tono da sassafe ko da yamma, a kwashe zuwa inuwa, kada a bar shi ya yini a rana. Wanda fartanya ta sara a ware shi a fara cinyewa, bayan an yanke wurin saran.

Dankalin ci yana son duhu da sanyi da iska. Buhun algarara ya fi buhun raga ko farin buhu mai barin haske ya ratsa. 'Yan kasuwa da ke kasa shi a bakin titi su fitar da abin da za su sayar a ranar, su rufe sauran, domin 'yan kwanaki a rana sun isa. Fitilar lantarki ta kanti ma tana yin wannan aiki a hankali. A gida, a fere dankali sosai, a ƙwaƙule idanu da toho. Idan koren ɗan tabo ne a yanke shi da zurfi. Idan ya mamaye, ko dankalin ya yamushe ya cika da toho, a zubar. Wanda aka dafa aka ji ɗacinsa kada a ci, kada kuma a rufe ɗacin da yaji a ba yara. Toho da koren ɓawo da ɗanyen ganyen dankali ba abincin awaki ko kaji ko aladu ba ne.

Dankalin iri kuwa akasin wannan yake so, kuma a nan ne ake samun ruɗani. Mu da kanmu muke koya wa manoma ajiye iri a rumbu mai barin haske marar zafi ya shiga, a baza shi a kan katanga-katanga na itace. Hasken yana sa toho ya fito gajere mai kauri wanda ba ya karyewa a wajen shuka, yana kuma sa dankalin ya yi kore ya ƙara dafi, abin da ke taimaka masa ya jure ƙwari da ruɓewa har lokacin shuka. Wato da gangan muke hura wutar maƙerar. Na taɓa zuwa duba irin wannan rumbu a wani ƙauye bayan an gama shuka, na tarar uwargidan tana feraye ragowar irin za ta dafa wa yara, domin a ganinta asara ce a zubar da abin da aka sha wahalar ajiyewa wata huɗu. Ba laifinta ba ne, mijinta aka koya wa ajiyar, ba a kuma gaya wa kowa a gidan cewa abin da ke cikin rumbun ya tashi daga abinci ba. Tun daga ranar, duk inda muka kafa irin wannan rumbu nakan nemi a tara matan gida ma a yi bayanin a gabansu.

Saboda haka tun ranar tono a raba dankalin ci da na iri, kowanne da wurin ajiyarsa, a sa wa buhunan iri alama da jan fenti ko ƙyalle. Irin da ya saura bayan shuka a ba maƙwabcin da bai gama tasa ba, in babu mai bukata a binne shi a ramin takin gargajiya inda dabbobi ba za su tone ba. Kada a juye shi cikin buhun dankalin ci a kai kasuwa.